Ba a Neman Ɓarawo a Littafin Bashi

Kowane mai shago a Birnin Kudu, ko Sara, ko Basirka, yana da wani littafi da ba ya barinsa a kan tebur. Yawanci irin na 'yan makaranta ne, bangonsa ya yi baƙi da maiƙo, yana can ƙarƙashin kwalin sabulu ko a ƙuryar durowar kuɗi. A ciki ake sa sunan duk wanda ya ce "Alhaji, a rubuta mini": tiyar shinkafa, kwalbar man gyaɗa, sukarin koko, ƙullin omo. Malamin firamare mai jiran albashi yana ciki. Manomin da damina ta riske shi rumbu wayam yana ciki. Har da wani mai babbar riga da ba za ka taɓa zato ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowa ne sunansa ke cikin littafi ba. Wanda ke ciki shi ne wanda ya tako da ƙafarsa da rana tsaka, ya haɗiye kunya, ya faɗi halin da yake ciki.

To, a ce an wayi gari an fasa shagon. Mai shago rai a ɓace ya jawo littafi yana bin sunaye da yatsa: wane bashinsa ya yi wata uku, lallai yana cikin matsi, ba makawa shi ne. Duk dattijon da ya san kasuwa zai dafa kafaɗarsa ya ce, Alhaji, sannu a hankali. Wannan littafi masu buƙata ya tara, kuma wanda ya zo da rodi cikin dare ya ɓalle kwaɗo bai tsaya ya bar suna ba. Sawu za a bi, a tambayi mai gadi, a sa ido a ga inda kayan za su ɓulla ranar kasuwa.

Wannan hankalin da muke da shi a kan buhun sukari yakan gudu ya bar mu ranar da aka tsinci gawa. Kafin motar 'yan sanda ta iso daga Gwaram ko Birnin Kudu, teburin mai shayi ya gama zaman kotu. "Ai ba sai an wahala ba, wane ne. Ka manta ya taɓa kwanciya a Kazaure?" Wani ya ce da idonsa ya ga katin asibitin ƙwaƙwalwar. Wani ya ce tun kakansu abin yake. Daga nan sai kowane motsi na bawan Allah ya zama hujja: in ya yi shiru, ga alama nan, in ya yi kuka, ga alama nan, in ya gudu don tsoron sanduna, shi ke nan ya tabbata. Ɗan sandan da ke karɓar rahoto kuwa ɗan Adam ne, a cikinmu ya tashi, kuma ana matsa masa ya kawo mai laifi kafin a tura maganar sashen binciken manyan laifuka a Dutse.

Ba na cewa mai taɓin hankali ba ya kisa. Yana yi, kuma idan ya yi, abin kan zo da muni, sau da yawa a kan na cikin gida. Amma lissafi bai goyi bayan teburin mai shayi ba. A 2006 Seena Fazel da Martin Grann sun bi bayanan asibitoci da na kotunan ƙasar Suwidin na shekara 13, suka samu cewa a cikin kowane laifin ta'addi 20, kusan 1 ne za a jingina wa masu matsanancin ciwon ƙwaƙwalwa. Sauran 19 aikin waɗanda muke kira masu hankali ne. A 2009 kuma Fazel da abokan aikinsa suka nuna cewa galibin ƙarin haɗarin da ake gani a wajen irin waɗannan majinyata yana tare da shaye-shaye. Suwidin ba Jigawa ba ce, amma duk wanda ya san abin da ke kai mutane kotu a nan, rikicin iyakar gona, gado, ɓarnar dabbobi, kishi, da ƙwaya, ya san yawancin masu ɗaga adda ba su taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa ba.

Bari mu buɗe fayil ɗin asibitin kansa, mu ga abin da ke ciki, domin mutane suna ɗaukarsa kamar wani madubi ne da ya hango cikin zuciya. Mai shago ba don kotu yake rubuta littafinsa ba. Don kansa yake rubutawa, cikin gaggawa, ga masu saye a tsaye. Za ka ga "mai jar hula, biyu", ba a ce biyun me ba. Wani layin yaron shago ne ya rubuta, da abin da aka aiko shi ya faɗa. Haka fayil ɗin asibiti yake. Likita ne ke rubutu da Turanci, a gajarce, ga layi har bakin ƙofa. Ranar farko kuwa majinyacin ba shi ke magana ba. Wan da ya riƙo hannunsa ne, ko kawu, ko matar da ta kwana uku ba barci. Su suka ce yana cewa zai kashe kowa. Da Hausa ko Fillanci suka faɗa, wataƙila ma ta bakin tafinta, kuma sun ɗan ƙara gishiri don a ba shi gado, tunda sun kashe kuɗin mota tun daga Fagam ko Farin Dutse kuma ba su son a ce su koma da shi. Likita ya juya maganar zuwa kalma biyu ta Turanci. Bayan shekara takwas lauya ya miƙe a kotu ya karanta kalmomin nan biyu da babbar murya, kamar wanda ake tuhuma ne ya furta su jiya.

Sunan ciwon ma sau da yawa da alamar tambaya ake fara rubuta shi, domin zazzaɓi mai zafi, da farfaɗiya, da rikicewar da ke samun mai jego, da ƙwaya, duk sukan zo da kama ɗaya a makon farko. Alamar tambayar nan ba ta cika tsira ba idan aka kwafe rubutun zuwa wata takarda.

Sannan ga abin da ya fi damuna. Duk mai shago ya san bashin da aka biya amma aka manta ba a soke ba. Suna yana nan a shafi, ana yi wa mutum kallon mai taurin bashi alhali tuni ya sauke. A fayil ɗin ƙwaƙwalwa wannan shi ne ya fi yawa. Mutumin Gwaram da aka kwantar a Kazaure, sai ya ratsa jihar Kano kafin ya isa, domin Kazaure tana wancan ƙarshen Jigawa. Asibitin Dawanau a Kano ma ba kusa ba ne, shi ya sa wasu ke karkata Azare ko Bauchi. Idan ya samu sauƙi, wa zai sake biyan wannan kuɗin motar don kawai ya je ya ce wa likita na warke? Sai ya koma gonarsa, ya yi aure, ya aurar. Fayil kuwa ya tsaya cak a kan mafi munin makon rayuwarsa. Shekarun lafiyar da suka biyo baya ba wanda ya rubuta su.

Doka, in an bi ta yadda take, ta san da wannan. Tambaya biyu ce a shari'ar kisa, kuma akwai wadda ke gaba. Ta farko: shin wannan mutumin ne ya yi? Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da haka har sai shakka mai ma'ana ta kau. Sashe na 82 kuma ya hana, sai a wasu 'yan wurare, a kawo munin halin mutum a matsayin shaida a kansa. Ciwo ba hali ba ne, amma hikimar ɗaya ce: ba a kama mutum don ya yi kama da irin waɗanda ke aikatawa. Tambaya ta biyu ba ta tasowa sai an gama da ta farko: a lokacin da ya yi, yana cikin hayyacinsa? A nan ne sashe na 51 na Final Kod, wadda aka tsara wa Jihar Arewa a 1959, ya ce ba laifi a kan wanda rashin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa doka. Asalin wannan ma'auni daga Ingila yake, daga shari'ar Daniel M'Naghten, wanda a 1843 ya harbe sakataren firaminista Robert Peel. Kuma sashe na 139 na Dokar Shaida ya bar wa wanda ake tuhuma nauyin nuna cewa hankalin nasa ya gushe.

Muhallin fayil ke nan: tambaya ta biyu. Ko a can ma ba shi kaɗai ke magana ba. Kotun Ƙoli ta sha jero abubuwan da alƙali zai duba, kamar a shari'ar Guobadia ta 2004: tarihin mutumin, yadda ya kasance dab da aukuwar abin, abin da gandirobobin da suka tsare shi suka gani, bayanin likitoci, shaidar dangi da maƙwabta, da ko akwai ciwon a zuriya. Kati kaɗai ba ya wanke mutum, tunda ana iya taɓa yin jinya kuma a yi kisa ido buɗe saboda gona. In kuwa kati bai isa ya wanke ba, ina ya isa ya kama?

Malamanmu na fiƙihu sun riga shari'ar M'Naghten zuwa nan da ƙarnuka. Kowane ɗalibin zaure ya san mahaukaci yana cikin ukun da aka ɗauke wa alƙalami. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Marwan ɗan Hakam, yana gwamnan Madina, ya rubuta wa Mu'awiya game da wani mahaukaci da ya kashe mutum, amsa ta dawo cewa a tsare shi, kada a yi masa ƙisasi. Malikawa sun ƙara rarrabewa: mai haukan da ke zuwa yana tafiya, in ya yi kisa a lokacin da yake garau, hukuncinsa na mai hankali ne, in a cikin ciwon ne, sai diyya ta hau kan danginsa. Wato su ma lokacin aikin suke tambaya, sunan da mutum ya yi a gari bai ishe su ba. Kuma a labarin Ma'izu, wanda ya zo da kansa yana iƙirarin laifi, Manzon Allah (SAW) sai da ya bincika ko akwai taɓuwa a tare da shi kafin a karɓi maganarsa. A wannan labari, shakkar lafiyar hankali dalili ce ta ja da baya daga hukunci. Mu kuma mun mai da ita dalilin gaggawa.

Sai maganar sirri. Abin da ke riƙe da littafin bashi shi ne rufin asiri. Ranar da mai shago ya fito da shi majalisa yana karanta sunaye, ya gama ba da bashi a garin. Mutane za su gwammace su kwana da yunwa, ko su faɗa hannun mai ba da kuɗi da ruwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce bayanin majinyaci sirri ne, ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko wata doka, ko in ɓoyewar za ta cutar da lafiyar jama'a. Ɗan sanda ya shiga ofishin ajiye fayil da baki kawai ya ce a ba shi, wannan ba umarnin kotu ba ne, ko da ya zo da kaki mai guga. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka bayyana a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ita ma ta jaddada wannan haƙƙi. Sai dai Dokar Shaida ba ta ba likita irin katangar da ta ba lauya ba. Abin da ka faɗa wa lauyanka ba a tilasta masa ya faɗa. Abin da ka faɗa wa likitanka, in alƙali ya nema, zai fito. A Amurka Kotun Ƙoli ta gina irin wannan katanga a kotunan tarayya a 1996, a shari'ar Jaffee da Redmond, inda wata 'yar sanda da ta harbe mutum a bakin aiki ta yi ta zuwa neman shawarar masu kula da damuwa, dangin mamacin suka nemi a ba su rubutun zaman. Kotu ta hana, bisa hujjar cewa in mutane suka san za a karanta, ba za su faɗa ba tun farko, a yi biyu babu: ba magani, ba shaida.

A wajenmu tsoron ya riga ya yi yawa tun kafin a zo kotu. Binciken aure kaɗai ya isa: a ce akwai kati a gidan, sai a ga masu neman 'yan matan gidan sun ɗauke ƙafa. Don haka ake farawa da ruƙiyya da hayaƙi, a ce iska ce ko sammu, in abin ya ƙi sai ɗaki da kwaɗo, ko mari. Mun ga abin da aka fito da shi daga gidajen mari na Rigasa a Kaduna da na Daura a 2019. Ga kuma ƙarancin likitocin: shekaru ana faɗin cewa masu wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Duk gidan da ya tsallake wannan duka ya ɗauki ɗansa ya kai asibitin tarayya na Birnin Kudu, ya bi takardar turawa har inda aka ce, gidan ya yi abin yabo. In sakamakonsa shi ne ɗan nasu ya zama farkon wanda za a ɗaure duk ranar da aka rasa mai laifi, maƙwabta suna kallo, kuma sun ɗauki darasi.

Abin takaicin shi ne wanda aka ɓoye a ɗaki shi ne ya fi shiga uku ranar da abin ya faru da gaske. Ciwonsa na gaskiya ne, ya fi na mai kati tsanani tunda bai taɓa shan magani ba, amma ba shi da ko falle ɗaya da zai nuna wa alƙali. Nauyin hujja a kansa yake, dangin da za su yi masa shaida kuwa su ne suka yi shekaru suna cewa lafiyarsa ƙalau.

Akwai lokacin da fayil ke ɗauke da magana mai nauyi, ba na musun wannan. 'Yan'uwan nan biyu, Lyle da Erik Menendez, da suka harbe iyayensu a Kalifoniya a 1989, bakin zaren ya fito ne daga abin da Erik ya faɗa wa likitan halayyarsa, kuma kotu ta yarda a saurari wani sashe na bayanan. Idan majinyaci ya ambaci sunan mutum da makami, bayan kwana kaɗan aka tsinci mutumin da irin wannan rauni, ba mai hankalin da zai ce a kau da kai. Amma wannan bakin zare ne da za a bi a ga ko ya kai ga jini a riga, ko makami a rijiya, ko wanda ya gani. In bai kai ko'ina ba, magana ce kawai ta marar lafiya, kuma marasa lafiyar ƙwaƙwalwa suna faɗin abubuwa da yawa, har da ɗora wa kansu laifin da ba su yi ba. Mai ciwon damuwa mai tsanani yakan rantse shi ya jawo mutuwar ɗansa da zazzaɓi ya kashe.

Suwidin ta koyi wannan da tsada. Wani majinyaci mai suna Sture Bergwall, wanda ya koma kiran kansa Thomas Quick, yana tsare a asibitin ƙwaƙwalwa na Säter, ana ɗura masa magunguna masu sa maye, masu jinyarsa suna ƙarfafa masa gwiwa ya tono abin da suka ce ya binne a ƙwaƙwalwarsa. Ya yi ta iƙirarin kisa har sama da 30. Tsakanin 1994 da 2001 kotuna suka kama shi da laifin kisa 8, ba tare da wata shaidar zahiri mai ƙarfi ba. Maganarsa da bayanin masu jinyarsa su ne ginshiƙi. Iyayen wani yaro, Johan Asplund, wanda ya ɓace a 1980, sun yi ta cewa ba shi ba ne, ba a saurare su ba. A 2008 Bergwall ya shaida wa ɗan jarida Hannes Råstam cewa duk ƙirƙira ce, wasu bayanan ma a tsoffin jaridu ya karanto su. Zuwa 2013 an soke hukuncin duka takwas. A tsawon shekarun nan hukuma ba ta nemi ainihin masu kisan ba, tunda an ɗauka an samu. Wannan a ƙasar da ke da kayan binciken jini da na yatsa ke nan. Sai a auna yadda za ta kasance a inda ake binne gawa kafin la'asar ba tare da likita ya duba ta ba, kuma takardar iƙirari da dangwalen yatsa ita ce kusan dukan shari'ar. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yi tanadin a ɗauki irin wannan bayani a bidiyo ko a gaban lauya. Ga wanda hankalinsa ke rawa, wannan tanadi shi ne bambancin igiya da gida.

Da ni ne mai ba alƙalin babbar kotu a Birnin Kudu shawara, da na ce fayil ya zauna a rufe har mai gabatar da ƙara ya gama nuna sawunsa da makaminsa da shaidunsa. In an zo buɗewa, a buɗe shafukan da suka shafi maganar kawai, ba a karanta wa 'yan kallo har abin da matar wanda ake tuhuma ta faɗa wa likita game da shimfiɗarsu ba. Kuma a kira wanda ya yi rubutun da hannunsa, a tambaye shi: wannan layin, daga bakin wa ka ji shi? Wannan kalmar, tabbaci ce ko zato? A nan ne za a ci karo da wata matsalar. Likitan da ya rubuta shekara takwas da suka wuce, da wuya a same shi a kujerarsa. Ko ya koma wata jihar, ko yana Saudiyya ko Ingila tare da sauran da suka tafi. Wanda zai zo kotu da fayil a hammata shi ne ma'aikacin ɗakin ajiya, kuma iyakar abin da zai iya rantsuwa a kai shi ne daga kan kantarsu ya ɗauko.